Yadda Parapara Ta Shiga Rediyo

Duk wanda yake kunna rediyo a jihar Apure ya san muryar Zuleima Tovar, amma ba kowa ya san irin dagar da aka sha kafin muryar nan ta yarda ta shiga faifai ba. To ku gyara zama, don ni in na kama labarin yarinyar nan ba na iya gajarta shi.

A hannun kawunta Nicasio ta tashi, can bayan garin Mantecal, inda in damina ta kankama fili yake komawa tafki, a ɗaure doki a ɗauko kwalekwale. Kawu Nicasio tatsar shanu ce sana'arsa, kiɗan cuatro kuma shi ne abin da yake wa rai. Cuatro ɗin nasa, ɗan ƙaramin abu mai tsirkiya huɗu, kullum yana rataye a azara cikin tsohon buhun gari. Tun Zuleima ba ta gama famfara ba take tsayawa a ƙarƙashinsa, ta ɗaga kai har wuyanta ya ƙage.

"Kawu, sauko mini da shi."

"Ki yi me da shi, ke da ko majina ba ki iya sharewa ba?"

"Kaɗawa zan yi."

"Je ki koyi tatsa tukuna. Ran da kika cika ƙwarya har da kumfa a kai, ki zo mu yi magana."

Ta ɗauka wayo ne irin na manya, amma ta tafi. A wurinmu ba a tatsar saniya da baki a rufe. Kowace da sunanta, kowace da waƙarta. Mai tatsa zai tsaya a bakin shinge ya rera sunan, ɗan maraƙi ya amsa daga nasu ɓangaren, uwar ta amsa, ta ratso garke ta zo da ƙafarta. A bar maraƙin ya ɗan tsotsa, a ɗaure shi a ƙafar uwar ta gaba, sannan mai tatsa ya durƙusa, ya kafa goshi a kwiɓinta, ya ci gaba da rerawa. In waƙar ta yi mata, ta sako nono. In ba ta yi mata ba, ta riƙe abinta, ko za ka wuni kana ja.

Zuleima ta sha shuri, ta sha bulalar wutsiya a ido, ta zubar da nonon da in an tara zai yi cukun biki guda. Amma ranar ta zo. Ta ɗauko ƙwarya cike, tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, ta dire a gaban kawunta. Kawu ya leƙa ƙwaryar. Ya hau kujera ya kwance buhun.

Karatun nasa ba takarda, ba alli. Ya ɗora mata hannun dama a kan tsirkiyoyi ya ce, "Kin ji yadda nono yake faɗawa ƙwarya? Wannan hannu, wancan hannu, wannan hannu, wancan hannu. Haka za ki kaɗa." In ta yi gaggawa sai ya cire malafa ya ɗan maka mata a ka. "Ina za ki? Wa ya koro ki?" In ta yi daidai ba ya yabo, sai dai ya juya fuska yana gyaran murya, gashin bakinsa na motsi. Ta haka take gane ta burge shi, sai ta tashi ta zagaye gidan da gudu, kaji na watsewa.

Zuleima tana budurwa aka haifi Parapara, wata 'yar maraƙa, a wata damina mai ambaliya, baƙa wuluk, ga ƙyalli kamar an shafa mata mai. Uwar ba ta yi rai ba. Zuleima ce ta raine ta da kwalba, har a bakin murhu take kwantar da ita. Da Parapara ta girma ta yi haihuwar fari, sai ta zama abin tsoro, ba wanda ya isa ya taɓa hantsarta. Kawu da kansa ya gwada waƙoƙinsa na gado, ta harbe shi ya faɗa cikin kashin shanu, ya tashi yana zagin kakanninta. A nan ne Zuleima ta yi waƙarta ta farko, ba ta gaji ko baiti a wurin kowa ba. Ta rera, saniya ta tsaya cak, nono ya zubo.

Daga nan waƙa ta ɓalle mata. Ta yi wa ruwan farko, ta yi wa kadan da ya cinye musu agwagwa, ta yi wa wani saurayi mai tsoron doki wanda har yau ba ya son a tuna masa. Aka fara kiranta bukukuwa. Da ta ce za ta koma birnin San Fernando ta gwada sa'arta, Kawu bai hana ba. Lokacin amosani ya riga ya lanƙwashe masa yatsu, ya daina kiɗa, kunnensa kuma ya fara nauyi. Ya miƙa mata cuatro ɗin da buhunsa.

"Mutanen birni waƙar rawa za su karɓa," in ji shi. "Amma waƙar tatsa kada ma ki kai musu. In ta bar shinge mutuwa take yi."

"Kawu, na rantse sai ka ji waƙata ta fito daga 'yar rediyonka."

"To ki yi sauri, don kunnuwan nan sun fara haɗa kayansu."

Maganar nan ta zauna mata a zuciya. Duk zuwan da za ta yi gida sai ta tarar sai an ƙara ɗaga murya kafin ya ji.

A San Fernando tana aiki a shagon ɗinki da rana, ranakun hutu tana kiɗa a wuraren biki. A wani biki ne Leonel ya ji ta. Leonel mai ɗaukar murya ne, ƙato mai tumbi, mai dariya kamar ana mirgina ganga. Yana haɗa faifan sababbin mawaƙa wanda gidan rediyo zai riƙa sakawa, saura gurbi ɗaya, kuma ƙarshen mako za a rufe. Ya tare ta tana mayar da cuatro cikin buhu.

"Ƙanwata, kina da waƙar da ke kika yi da kanki? Ba ta rawa ba, na tara su har sun ishe ni."

"Ina da ita!"

"To gobe ki zo da ita."

Ta isa ɗakinsu ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Ta faɗa kan Yajaira, ƙawarta da suke haya tare, suka yi ta tsalle har mai gidan ya buga bango. Da suka lafa ta rera mata waƙar. Yajaira ta riƙe baki.

"Saniya? A rediyo? Ke Zuleima, so kike a riƙa yi miki kukan shanu a kasuwa? Muryar ta yi, amma ki cire dabbar nan. Sa masoyi, kowa na da shi ko yana nema."

Zuleima ta tuna yadda matan shago suke kiranta 'yar daji in ta yi wata magana. Sai ta ji wata kunya ta rufe ta. Ta cire Parapara ta sa masoyi, ta cire maraƙi ta sa zuciya, ta cire ƙwarya gaba ɗaya.

Situdiyon Leonel ɗan ɗaki ne mai sanyi kamar randa, an manne bangonsa da soso. Ya tsayar da ita gaban makirufo, ya sa mata abin ji a kunne, ya koma bayan gilashi ya ɗaga babban yatsa. Ta kaɗa, ta rera. Ba ta kai rabi ba ya tsayar.

"Muryar ba laifi. Sake."

Ta sake. Ya tsayar. Ta kuma sakewa.

"Ƙanwata, wa ya rasu?"

"Ba kowa."

"To ai kamar sanarwar jana'iza kike karantawa. Ina yarinyar da na ji jiya?"

Ita ma ta ji. Waƙar tana fita kamar busasshen kara, wani wuri ta yi gudu, wani wuri ta ja ƙafa. Ta rasa inda za ta sa numfashinta. Can ta ce, a hankali, "Ban taɓa rera ta a tsaye ba."

"A kwance kike yi?"

"A durƙushe. Da goshina a jikin saniya. Waƙar tatsa ce."

Leonel ya fito daga bayan gilashi idonsa na walƙiya. "Waƙar tatsa! Shi ne kika ɓoye mini? Tsaya." Ya jawo doguwar kujera, ya sa ta durƙusa ta kafa goshi a jikin matashin kujerar, ya sauke makirufo ƙasa. Ya koma ciki. Tana buɗe baki sai ta ji a kunnenta wani irin "Mmuuu!" mai ban tausayi. Ta ɗago, ga Leonel ya kumbura kumatu yana yi da gaske. Dariya ta ƙwace mata har ta kwanta a ƙasa, shi ma ya riƙe tumbi yana share hawaye. Suka gwada duk da haka. Kujera ba ta numfashi, ba ta da ɗumi, ba ta wari irin na safiya. Waƙa ta ƙi.

Dariyar ta ƙare, tsoro ya maye gurbinta. In gurbin nan ya wuce, sai wata shekara, kuma wa ya san abin da kunnen Kawu zai iya ji wata shekara?

"Yaya Leonel," ta ce, "na'urar nan taka tana tafiya?"

"Ƙaramar tana tafiya. Ina?"

"Bayan Mantecal."

"A daminar nan? Ke, ni fa ko akuya ta kalle ni sai na canza hanya." Ya sosa ƙeya, sannan ya buga cinya. "Amma ban taɓa ɗaukar saniya ba! Tashi mu tafi!"

Suka shiga tsohuwar motarsa har inda hanya ta nutse, daga nan suka hau kwalekwale. Leonel ya naɗe na'urar da leda ya ɗora a ka, duk kututturen da ya gani a ruwa sai ya ce kada ne, ya kira Uwa Maryamu. Zuleima na gaba tana tuƙi da gora, tana ihu tana gaida duk gidan da suka wuce: "Rediyo za a sa ni! Ku gaya wa kowa!"

Kawu Nicasio yana bakin ruwa lokacin da suka iso. Ya dubi Leonel sama da ƙasa.

"Wannan ne mijin?"

"Kawu! Mai ɗaukar murya ne!"

"Mai ɗaukar me?"

"MURYA!"

"To ba sai kin fasa mini kai ba. Shigo, ɗana, kada kwalekwalen ya gaji da kai."

Aka gasa arepa, wato wainar masara, aka yanko cuku, aka dafa baƙar gahawa. Leonel ya ci har ya kwance ɗamara.

Gari na wayewa suka nufi shinge. Raɓa ta jiƙe ciyawa, fararen balbelu sun jeru a kan itace, shanu sun taru suna tuƙa, 'yan maruƙa na kuka a nasu ɓangaren. Parapara na can tsakiya, ta ƙara girma, da sabon ɗanta a bayan shinge. Leonel ya ɗaura makirufo a doguwar sanda, ya tsaya inda yake ganin zai iya tserewa. Zuleima ta fito da rigarta ta birni da takalmi mai tsini, cuatro a ƙirji. Leonel ya ɗaga yatsa. Ta kaɗa, ta rera:

"Masoyina, hasken idona, taso gari ya waye..."

Shiru. Ba maraƙin da ya amsa. Parapara ta ɗaga kunne ɗaya, don ta san muryar, ta ɗan jira, sannan ta ci gaba da tuƙa.

Zuleima ta ƙara murya. "Masoyina, hasken idona..."

Parapara ta juya mata baya.

Kawu ya kafa hannu a kunne ya matso kusa da Leonel. "Me take cewa?"

"Masoyina take cewa, Baba!"

"Wa?"

"MASOYINA!"

Kawu ya dubi garken ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman ɓatacciya. "Ba mu da saniya mai wannan suna. Ko a birni ta sayo ta? Zuleima, ina kika ɗaure ta?"

Leonel ya toshe baki da hannu, sandar na rawa. Zuleima kuwa ji ta yi kamar ƙasa ta tsage.

"Kawu, a rediyo ba a..."

"Ba a me? Ke kika ba ta kwalba. Ke kika kwantar da ita a bakin murhu har ta ƙona mini bargo. Yau don kin zo da baƙo shi ne kike jin kunyar sunanta? To ita ma ba ta san ki ba, ga shi nan." Ya nuna sama da haɓa. "Rana na tashi. In ta yi zafi zan saki maruƙa, ba zan bar su da yunwa don masoyinki ba."

Leonel ya leƙa na'urarsa ya ce, wannan karon ba wasa, "Ƙanwata, batirin ma ba zai kai mu nisa ba."

Zuleima ta tsaya. Ta dubi baƙin bayan nan mai ƙyalli da aka juya mata. Sai ta rataye cuatro a jikin shinge, ta tuɓe takalman ta wurgar, ta ɗaure bakin rigarta a ƙugu. Ta karɓi ƙwarya da igiya daga hannun Kawu. Ta taka cikin taɓo har idon sawu, ta ja numfashi, ta sake shi tun daga cikinta:

"Parapara, baƙa mai ƙyalli, taso gari ya waye,
Ɗanki na kira a shinge, igiya ta riƙe,
Ruwa ya ja baya, ciyawa ta miƙe,
Sako mini, uwa, abin da kika ɓoye."

Kafin ta rufe baitin farko ɗan maraƙi ya tsala kuka. Parapara ta amsa da wata murya da ta girgiza balbelu suka tashi gaba ɗaya. Ta juyo, ta ture wannan, ta bangaje waccan, ta taho a sukwane. Leonel, da duk tumbinsa, ba wanda ya ga lokacin da ya haye shinge. Amma ku ji mutumin kirki: yana can sama yana karkarwa, sandar na miƙe daidai bakin Zuleima, ko motsi ba ta yi ba.

Kawu ya buɗe wa maraƙi, ya tsotsa, aka ɗaure shi. Zuleima ta durƙusa, ta kafa goshi a kwiɓin nan mai ɗumi. Nono ya faɗa ƙwarya, tsirr, tsarr, tsirr, tsarr, waƙa ta hau kansa ta zauna daram kamar mahayi a kan sirdi. Numfashin da ta rasa a birni ga shi nan yana jiranta.

Leonel ya zaro ido. Ya danna abin ji a kunnensa, ya sauko daga shinge a hankali, ya rarrafa cikin taɓo da gwiwoyinsa, shi da akuya ke kora, ya tura wani ƙaramin makirufo har gindin ƙwaryar. Wutsiyar Parapara ta share masa fuska, bai ko ƙifta ba. Da waƙar ta zo ƙarshe, Kawu, wanda yake tsaye riƙe da maraƙi, bai san lokacin da ya ja amshi da tsohuwar muryarsa ba, can ƙasa-ƙasa. Muryarsa ma ta shiga na'ura.

Ƙwarya ta cika har da kumfa. Leonel ya kashe na'ura, ya zauna daɓas a cikin taɓo, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Ta kamu! Wayyo Allah, ta kamu! Har nonon ya fito, kiɗa ne sak!"

Zuleima ta ajiye ƙwarya ta rungume wuyan saniya, tana dariya tana kuka. A gindin mangwaro aka ƙara cuatro, tana jin zubar nonon a kunne tana bin sa da hannun dama, kamar yadda aka koya mata. Batirin ya mutu ana gama bugun ƙarshe. Leonel ya so a ce Kawu ya saurara, amma ba hali. Kawu ya ce ko da hali ba ya so.

"A rediyo ta ce mini zan ji ta. Zan jira rediyo."

Ranar da za a fara sakawa, Zuleima ta dawo gida, maƙwabta suka cika tsakar gida, wasu a kwalekwale suka zo. La'asar ce. Kawu ya ɗora 'yar rediyonsa a taga, ya murɗa ta har ƙarshe saboda kunnensa, ya manna kai a jikinta. Mai gabatarwa ya faɗi sunan Zuleima Tovar, mata suka rangaɗa guɗa, aka yi ta cewa a yi shiru. Sai ga tsirr, tsarr, sai ga murya ta cika gidan har bayan gida:

"Parapara, baƙa mai ƙyalli..."

Gashin bakin Kawu ya fara motsi. Ya juya fuska zai yi gyaran murya, sai aka ji kukan maraƙi daga nesa, aka ji wani ƙara kamar an karya itace. Kafin a ankara ga Parapara ta ɓalle shinge, ta ratso tsakar gida, mutane na darewa, kujeru na faɗuwa, ta zo ta zura kai ta taga tana neman mai kiranta, nono na ɗiga daga hantsarta a kan ƙasa.

"Kun gani ko!" Kawu ya miƙe yana ihu, hawaye na bin kumatunsa. "Tatsa da la'asar! Za su lalata mini saniya! Zuleima, ki gaya wa mutanen rediyon nan da safe ake sa wannan waƙa, ba su da hankali ne?"

"Ka ji ta, Kawu?"

"Na ji mana, kurma ne ni? Kin yi gaggawa a baiti na uku. Miƙo ƙwarya, kada ya zube a banza."